In Gada Ta Karye, Wa Za A Tambaya?

Ƙasar Madarunfa shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Maraɗi har Ɗan Isa babu tsaunin da zai sa a ɗaura gada daga dutse zuwa dutse, amma akwai ruwa, kuma inda ruwa yake ba a rasa fito. Tafkin Madarunfa, wanda Gulbin Gabi ke shayarwa, yakan cika da damina ya ja da baya da rani. Masunta na cin abinci daga tarwaɗa da karfasarsa, baƙi kuma na zuwa daga Nijar da Najeriya don ziyartar kaburburan da ke kewaye da shi, waɗanda mutanen wurin ke cewa na waliyyai 99 ne. Duk wanda ya sa ƙafa cikin kwale-kwale a bakin tafkin nan, ko ya ratsa Gulbin Maraɗi lokacin da ya kawo, abin da ya yi shi ne abin da mai hawa gadar lilo a kwazazzabon tsaunukan Peru yake yi: ya ɗauki ransa ya damƙa wa mutanen da bai sani ba, masassaƙi da maƙeri da mai tuƙi da mai karɓar kuɗi a bakin hanya. Ya yi bisimilla, ya ce ya dogara ga Allah, kuma daidai ya yi. To amma in katako ya ɓalle ko igiya ta tsinke, kalmar ƙaddara da ke sanyaya zuciyar dangin mamaci, ta isa ta wanke wanda aka ba tsaron katakon da igiyar? Ni a ganina ba ta isa ba, kuma littattafan da muke karantawa a zaure sun daɗe da yanke hukunci a kan haka. Mu ne muka bar hukuncin a cikin gafaka.

A da, a garin Morbi na jihar Gujarat a Indiya akwai wata tsohuwar gadar lilo ta masu tafiya a ƙasa a kan kogin Machchhu, wadda aka buɗe a 1879. Tsawonta ya kai mita 230, faɗinta kuwa bai wuce mita ɗaya da kwata ba, mutum biyu ke giftawa da kyar. A lokacin jama'a na zuwa su sayi tikiti su hau don su ji tana lilo da su, su ɗauki hoto. A watan Maris na 2022 aka rufe ta don gyara, aka ba kamfanin Oreva kwangilar kula da ita ta shekara 15, kamfanin da aka fi sani da ƙera agogon bango. Ran 26 ga Oktoba aka sake buɗe ta, hukumar gari ta ce ba ta ba da takardar shaidar inganci ba. Ran 30 ga watan, da maraice, ana cikin hutun biki, ɗaruruwan mutane na kai, igiyar ƙarfe ta gefe ɗaya ta tsinke. Mutum 135 suka mutu, da yawansu yara ne. Kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa ya duba igiyar da ta tsinke, wadda aka tufka da silin waya 49, ya tarar 22 daga ciki tsatsa ta riga ta cinye su, alamar sun katse tun kafin ranar. An canza daɓen gadar daga katako zuwa farantan alminiyam, an yi fenti, amma igiyar da dukan nauyi ke rataye a kanta ba a sauya ta ba. Da aka gurfanar da manajojin kamfanin, ɗaya daga cikinsu ya shaida wa kotu cewa abin da ya faru nufin Ubangiji ne.

Wannan mutum ba Musulmi ba ne, amma maganarsa ba baƙuwa ce a kunnenmu ba. Ran 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su taron Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibi ƙananan yara, kuma jami'an ceto sun ce lodi ya wuce kima. A wurin ta'aziyya irin wannan abin da ake faɗa sananne ne: ƙarar kwana ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah ya ba da haƙuri. Babu kalma ɗaya a ciki da ba gaskiya ba. Uwar da ta rasa 'ya'ya biyu a rana guda ba ta da abin riƙewa da ya fi wannan, kuma wanda ya nemi ya ƙwace mata shi azzalumi ne. Damuwata tana inda kalmar ke tashi daga bakin wanda aka yi wa rashi ta koma bakin wanda ya jawo rashin. A bakin uwa sallamawa ce ga Allah. A bakin wanda ya ƙirga kuɗin fito bai ƙirga kawuna ba, mafaka ce da yake nema daga tambaya, kuma ya ɓuya ne a bayan sunan Allah.

Za a ce mini, ai rai ba ya wuce ajalinsa, kuma imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, yana cikin shika-shikan imani guda shida. In an rubuta yaro zai mutu a ruwa ran Talata, ko da shi kaɗai ne cikin jirgin sai ya mutu, to me ya sa za a kama mai tuƙi? Wannan magana tana da nauyi, kuma wanda ya fara yin irinta ba ƙaramin mutum ba ne. Lokacin annobar da ta auka wa ƙasar Sham a zamanin Sayyidina Umar, halifan ya taso da tawaga har ya kai wani wuri da ake kira Sarga, sai labari ya iske shi cewa cutar ta yi tsanani a gaba. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, daga ƙarshe ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ya tuhume shi da gudun abin da Allah ya ƙaddara. Umar ya amsa da cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, ya buga masa misali da makiyayin raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora dabbobinsa, da ƙaddarar Allah ya kora su. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari. Abin lura a nan shi ne, ƙaddara ɓoyayya ce kafin ta auku. Mai tuƙin da ke tsaye a bakin ruwa bai ga Lauhul Mahfuzu ba. Abin da ya gani shi ne bakin jirginsa ya nutse har saura taki ɗaya ruwa ya shiga, da yaron da ke kwarfe ruwa da gwangwani tun ba a tashi ba, da sauran mutum goma da ke miƙo kuɗi. A kan abin da ya gani za a tambaye shi, kuma rage mutum goman nan ma, da ya yi, da ƙaddarar Allah ya yi.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana cikin shari'a kanta. Da a ce ajali na wanke mai sababi, da ba a wajabta diyya a kisan kuskure ba. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure abu biyu, diyya ga dangin mamaci da kaffara, alhali Wanda ya saukar da ayar shi ne ya rubuta ajalin. Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu muke bi daga Maraɗi har Sakkwato, sun bi wannan asali har cikin lungunan rayuwar yau da kullum. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mai janta da mai kora ta da mahayinta, ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane da suka tafi da su wurin aikinsu. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo mas'alar da duk mai gidan ƙasa zai gane: katangar da ta karkata, aka yi wa mai ita gargaɗi, yana da halin gyarawa kafin ta faɗi, bai gyara ba, in ta faɗa wa wani to shi zai biya. A duba sharuɗɗan nan uku da kyau, domin adalcin hukuncin a cikinsu yake. Akwai alamar da ido ke gani, akwai sani, akwai iko. In ɗaya ya faɗi, lamuni ya faɗi. Haka kuma game da jirgi: littattafan nan sun ɗauke wa matuƙi biyan kayan da suka nutse, amma Halil ya ɗaure wannan sassauci da cewa jirgin ya nutse ne a kan aikin da ya halatta matuƙi ya yi, wato guguwa ce ko igiyar ruwa ta fi ƙarfinsa. Bai ɗauke wa mai ganganci komai ba. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin babin ƙaddara, su ne ma suka koya mana shi, kuma ba su ga wani karo tsakanin babin biyu ba.

Akwai wani ruɗi na dabam da ke kama mai ziyarar tsohon wuri, shi ne ɗaukar tsufa a matsayin shaidar ƙarfi. Mutum ya ji an ce gada ta shekara ɗari da arba'in, sai zuciyarsa ta ce abin da ya jure wannan zamani ba yau zai faɗi ba. Gadar Keswacaka a ƙasar Peru ta nuna inda kuskuren yake. Tana rataye a kan kogin Apurimak a yankin Kusko, cikin kwazazzabon tsaunukan Andis, tsawonta kimanin mita 28, kuma ita ce ta rage cikin gadojin ciyawa da aka gada daga daular Inka. Ana cewa ta haura shekara ɗari biyar, amma babu sili ɗaya a jikinta da ke wuce shekara guda. Kowane watan Yuni al'ummomi huɗu na wurin sukan taru. Mata su zauna a gangaren dutse da ciyawar da aka jiƙa aka bubbuga, suna murza ta a tafin hannu ta zama siririyar igiya. Maza su haɗa siraran su tufka masu kauri, su sake tufka waɗannan har su kai kaurin cinyar mutum, a ja su a miƙe su da ƙarfin jama'a. Sai a yanke tsohuwar gadar ta faɗa kogi, a ɗaure sababbin igiyoyin a ginshiƙan dutse na gefe biyu, gwanayen saƙa biyu su hau, ɗaya daga kowace gaɓa, suna zaune a kan igiya ƙafafunsu na reto a kan kogi, suna saƙa gefe da daɓe har su haɗu a tsakiya. Kwana uku ake yi, a na huɗu a yi biki. UNESCO ta sa wannan ilimi cikin gadon al'adun duniya a 2013. Bukukuwan da suke haɗawa da aikin na addininsu ne, ba namu ba, amma abin da ya faru a 2020 darasi ne ga kowa: annobar korona ta hana taruwa, ba a sabunta gadar ba, a watan Maris na 2021 ta ruɓe ta zube. Shekara guda aka tsallake. Abin da ya yi ƙarni biyar a wurin nan alkawari ne da kowane zamani ke karɓa daga na gabansa, ciyawa kuwa ciyawa ce.

Ba sai mun je Peru ba kafin mu san wannan, domin gininmu na ƙasa haka yake. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, kuma itatuwan da suka tsattsago daga bangonsa matakala ce da magina suka bari don masu gyara, kamar yadda suke a hasumiyar Agadas. Maginin da ya bar matakala a jikin bango ya faɗa wa jikokinsa cewa aikin bai ƙare ba. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta ana sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu, kuma Mai Martaba Sarkin Zazzau da kansa ya bayyana cewa an ga tsagewa a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kawo masu gyara. Fitowa a faɗi haka a ranar makoki ya fi a ce ƙaddara a yi shiru. Ran 3 ga Satumba 2024 kuma tsohon masallacin Birni a Damagaram, na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan mamakon ruwan daminar da ta yi wa Maraɗi ɓarna mai yawa. In ɗakin Allah, inda ake sujada sau biyar a yini, bai fita daga dokar ruwa da laka ba, to babu wurin da albarkarsa za ta tsaya a madadin yaɓe. 'Yan ɗariƙa da 'yan Izala sun daɗe suna jayayya kan hukuncin ziyarar kaburburan bayin Allah irin na Madarunfa, kuma ba wannan jayayya nake son rabawa ba. Wanda ya yarda da ziyarar da wanda bai yarda ba, babu ɗayansu da zai kawo nassin da ya ce kusantar kabarin waliyyi na toshe hudar jirgi.

Sai kuma maganar talauci, wadda ita ce uzurin da ya fi kama hankali a ƙasarmu. Mai kwale-kwale ba shi da kuɗin sabon katako, balle rigunan ceto, kuma in ya ɗauki mutum goma maimakon ashirin ba zai kai cefane gida ba. Gaskiya ne, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba ya iyawa, shi ya sa Halil ya sa iko cikin sharuɗɗa. Amma a nan nauyin ba ya ɓacewa, hawa yake yi zuwa sama, ga sarkin ruwa da mai gari da magajin gari da hukumomin da ke karɓar haraji, domin gyaran hanyar jama'a farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sannan akwai abin da ba ya cin ko dala: faɗin gaskiya. A ce jirgin nan mutum goma sha biyu yake ɗauka, a tsaya a kan haka. A ce yau iska ta yi yawa, ba fito. A ce bangon nan ya tsage, a yi salla a waje. Mutanen Keswacaka ba masu arziki ba ne, gayya suke yi da ciyawar dawa. Masu gadar Morbi kuwa ba talakawa ba ne, tikiti suke sayarwa.

Mai tsallakawa ma yana da nasa kaso, ban wanke shi gaba ɗaya ba. An ruwaito hani daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, game da kwana a kan soron da ba shi da rawani da shiga teku lokacin da ya harzuƙa, kuma wanda ya ga jirgi ya cika ya ce a matsa masa ya shiga ya yi wa kansa ganganci. A Morbi an ga hoton bidiyon samari suna jijjiga gadar da gangan. Sai dai kason kowa gwargwadon saninsa ne. Baƙon da ya zo daga nesa ba zai iya buɗe igiyar ƙarfe ya ƙirga silin da ya yi tsatsa ba, yarinya 'yar shekara tara da malaminta ya ce ta shiga ba ta da zaɓi, kuma mai tsaron ƙofar gadar ya san cewa taron biki sai da masu rawar kai, don haka ne ma aka ajiye shi a ƙofar.

Uzuri na ƙarshe shi ne wanda ya fi taɓa zuciya, kuma mutanen kirki ne ke kawo shi. Suna cewa bin diddigin laifi bayan mutuwa yana ta da husuma tsakanin maƙwabta, yana hana yafiya, alhali mai jirgin ɗan gari ne, wataƙila ma nasa ɗan na cikin mamatan. Mu mutane ne masu cewa mun bar wa Allah, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma a koma ga ayar Nisa'i. Ta ba dangin mamaci damar su yafe diyya a matsayin sadaka, wato sai da ta tabbatar musu da haƙƙin tukuna, domin ba a sadaka da abin da ba a mallaka ba. Yafiyar da aka yi bayan an zauna an ce wane ya yi sakaci, ya amsa, ita ce yafiya. Wadda aka tilasta wa matalauciyar uwa tun gawa ba ta bushe ba, da cewa kada ta yi jayayya da hukuncin Allah, danne haƙƙi ce da aka sa wa rigar addini. Kuma ko dangi sun yafe, kaffara tana nan, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba, domin wannan haƙƙin Allah ne, babu mai iya yafe shi a madadinsa. Kwana sittin mutum na jin yunwa da ƙishirwa yana tuna ran da ya salwanta ta hannunsa: da wuya irin wannan mutum ya sake cika jirgi. A cikin hadisin ceto da Muslim ya ruwaito an ambaci cewa amana da zumunci za su tsaya a gefe biyu na Siraɗi. Mun fi riƙe zumuncin, har mukan binne amanar don kada zumuncin ya ɓaci, alhali tare za a same su a can.

Tafkin Madarunfa kansa yana cikin irin wannan amana. Tun 2006 Nijar ta sa shi, tare da gandun dajinsa da kaburburan, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, kuma a 2019 ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Takardun nan ba sa hana yashi da laka da ruwan damina ke kwasowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa su cike gindinsa sannu a hankali, kamar yadda shekarar 1879 da ke rubuce a tarihin gadar Morbi ba ta hana tsatsa ba. Ina kira ga limaman Madarunfa da ƙauyukan bakin tafki da na bakin gulbi, su ware huɗuba ɗaya kafin saukar damina su karanta wa jama'a babin lamuni kamar yadda suke karanta babin azumi kafin Ramadan, su fassara mas'alar katanga da ta matuƙi da Hausar da kowa zai ji. Sarkin ruwa da masunta su zauna su yanke adadin da kowane jirgi zai ɗauka, a rubuta shi da fenti a jikin jirgin inda mai shiga zai gani. Malamin da zai kai almajirai ziyara ko Maulidi ya ƙirga su da kansa a bakin ruwa, in sun fi adadin ya raba su sawu biyu, ko da za a makara.